Sunan Mai Kallon Sama

Tun wani bai riga ni ba, bari in faɗa da bakina: ni ne wawan wannan labari. Ba yayana ba, Allah ya jiƙansa, wanda ya ƙare rayuwarsa ana nuna shi da leɓe in ya wuce. Ni ne, mai aji huɗu na elemantare a Bebeji, tsohon masinjan ma'aikatar ruwa ta Tiga, mai biro biyu a aljihu, ɗaya ma ba ta rubutu. Na faɗa tun da wuri ne don masu dariya su yi abarsu su gama, saboda ina da magana a kan marigayin nan, kuma ba haƙuri na zo bayarwa a madadinsa ba.

Ya rasu a farkon damina, da hantsi, a tsakar gidansa. Tun da ciwon ya kwantar da shi ya ƙi ɗaki, ya ce rufin kwano yana danne masa numfashi. Sai matarsa ta shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiya, ta gefen da reshe bai rufe sama ba. A nan ya cika.

Na zauna a ƙofar gida a matsayina na ƙanin mamaci, ina karɓar gaisuwa, ina kuma karanta fuskoki. Masunta ne suka fara zuwa daga bakin dam, wanduna a naɗe, ƙarnin kifi na bin su. Ba su iya doguwar addu'a ba. Suka ce ya haƙuri, suka zauna, suka yi shiru irin na waɗanda aka yi wa rashi da gaske. Sai tsofaffin mata 'yan tsohon garinmu, wanda ruwan Tiga ya cinye, waɗansu daga Tudun Wada, waɗansu tun daga Doguwa, duk inda tashin ya watsa su. Suka shige ciki wurin matarsa. Ta kan katanga na jiyo wata tana kuka tana cewa, "Yanzu kuma wa zai nuna mana wurin?" Ku riƙe wannan tambaya, zan dawo kanta.

Sai kashi na uku, masu ta'aziyya mai jela. "Allah ya jiƙansa, bai taɓa cin zalin kowa ba, sai dai..." Daga nan sai mutum ya ɗaga ido sama ya yi ɗan murmushi, na kusa da shi ya sunkuyar da kai kada dariya ta kuɓuce masa. Wannan "sai dai" na sha ta har ta ginshe ni.

Sarkin masu jelar shi ne Alhaji, surukin ɗan yayana, wato mahaifin matarsa, babban dillalin albasa da tumatir a Kiru. Bayan an shafa fatiha ya karkata wajen liman, ya yi magana da irin raɗar da ake so kowa ya ji.

"Allah ya gafarta masa. Irin waɗannan masu harka da taurari, sai an dage musu da addu'a sosai."

Na ce, "Alhaji, wace harka?"

Ya ce, "A'a, ni ban ce komai ba. Ya ƙarin haƙuri?"

Ya ce komai. Ya kira yayana ɗan duba, a kan tabarmar makokinsa, ƙasar kabarinsa ba ta ko bushe ba.

Da a nan abin ya tsaya da na haɗiye. To, matar ɗan yayan nawa tana Kiru a gidan wannan Alhajin, ta tafi goyon ciki kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Ba a kai ga sadakar uku ba sai ga albishir ta sauka, namiji. Kowa ya san abin da ake yi in kaka ya fita jika ya shigo a mako ɗaya: sunan mamaci ake mayarwa. Amma sai labari ya biyo bakin mata cewa Alhaji ya rantse a zaurensa, ba a gidansa za a raɗa wa jikansa sunan mai wuya a sama ba. Shi yaro yake so mai kallon inda yake taka ƙafa, kuma ga sunan mahaifinsa shi ma yana jira.

Na ja ɗan yayana gefe. Na ce, "Kai, wane suna za ka sa wa yaron nan?"

Ya sunkuyar da kai, ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa.

"Da kai nake. Sunan ubanka, ko na uban mai albasa?"

"Baffa..." in ji shi. Ya miƙe ya ce zai je ya ɗebo wa baƙi ruwa.

Na ce a raina shi ke nan, an gama da wannan. Sun ba shi mata, sun karɓe masa baki. In ban tashi ba, za a binne sunan yayana kamar yadda aka binne shi.

Kafin in ba ku labarin yaƙin da na yi, bari ku san wanda ake faɗan a kansa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, yayana ba manomin a zo a gani ba ne. Tun muna yara a tsohon gari, ana tsakiyar noma sai ka ga fartanyarsa ta tsaya, shi kuma ya kafe, haɓa sama. Babanmu ya karya kara a jikinsa ba adadi. Wata rana ya ce, "Baba, dubi girgijen can, ya rabu biyu ya koma ya haɗe." Baba ya ce, "Ciyawar nan fa, wa zai raba ta da dawa?" Har ya tsufa gonarsa ce ta ƙarshen gama noma a unguwa. Matarsa ta sha dakan haƙuri da shi, kuma ta sha faɗa masa a gabana. Wannan gaskiya ne, na rubuta, kada wani ya ce na ɓoye.

Sunaye kuwa ya sha su. Mai-kallon-sama. Wuya-sama. Na-bisa. Duk yana amsawa, har ya tambayi lafiyar gida. Abu ɗaya ne ba ya amsawa, shi ne a zo masa da tambayar gaibu. Mace ta taɓa zuwa da goro a gefen zane, akuyarta ta ɓata, wai ya duba mata. Ya ce, "Iya, taurari ba su san akuyarki ba. Ki tambayi maƙwabta." Manoma kan tare shi su ce, "Za a yi ruwa yau?" Ya ce, "Ga hadari can, ku ma kuna da ido." Kalmarsa ɗaya ce tun yana saurayi har ya yi furfura: "Ni kallo nake, ba duba ba." In ka matsa masa ka ce to me kallon yake ƙara masa, sai ya ce, "An yi ado an shimfiɗa, ba kyau a rasa mai ɗaga kai."

Babban faɗanmu da shi a kan wata ne. Wata shekara azumi ya faɗo a tsakiyar bazara, zafi har tsuntsu ba ya tashi. Yammacin da ake duban watan salla, samari suka sauko daga kan dutse a guje suna ihu sun gani. Mata suka fara guɗa, mahauta suka fara wasa wuƙa. Mai unguwa ya ce ba zai aika da labari gaba ba sai ya ji daga bakin yayana, don ko masu yi masa dariya sun san ba idon da ya kai nasa sanin wurin da jinjirin wata yake fitowa.

"Ka gani?"

"Ban gani ba."

"Yara sun ce sun gani."

"To su je su faɗa da bakinsu. Ni tun rana ba ta faɗi ba nake tsaye. Zara na gani, tana ta ƙyalli. Wata kam ban gan shi ba."

Na ja shi bayan masallaci, maƙogwarona a bushe. Na ce, "Yaya, ka ce ka gani mana. Wa zai kama ka? Ai gobe ma zai fito."

Ya ce, "In ya fito gobe, gobe zan ce na gan shi."

Muka wayi gari da azumi. Unguwa ta yi kamar ta cinye shi ɗanye, aka ƙara masa sabon suna, Ban-gani-ba, ni kuma na daina gaishe shi har bayan salla. Ko a 'yan shekarun nan da sanarwa take zuwa ta rediyo, in an ce an ga wata yakan ajiye azuminsa tare da kowa, ya sa rigar salla, amma in ka gaishe shi sai ya ce, "Na bi shugabanni. Ni dai ban gani ba."

Ni ma na ba da gudummawata a sunayen, kuma tawa ta fi ta kowa tsada don daga waje aka shigo da ita. Lokacin aikin dam ina ɗaukar wa wani safiyo Bature jaka. Wata magariba ya hango yayana tsaye a kan dutse shi kaɗai, ya yi dariya ya ce lunatik. Na tambaye shi ma'ana. Ya ce mai taɓin hankali, kuma asalin kalmar daga tsohon sunan wata ne a harshen kakanninsu, don sun ɗauka wata ne yake juya wa mutum ƙwaƙwalwa. Na ɗauko kalmar nan na kawo gida kamar sabuwar riga. Na same shi na ce, "Barka da yamma, Mista Lunatik," na zuba masa bayani duka. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ashe su ma suna da wata a can. Madalla. In ka koma ka tambaye shi ko namu ne suke gani, ko nasu daban ne."

Yanzu ga tambayar tsohuwar nan da na ce ku riƙe.

Daminar ƙarshe da muka yi a tsohon gari, an riga an gaya mana za a tashe mu. Kowa yana cire ƙofa, yana sauke azara, yana ɗaure dutsen niƙa. Yayana kuwa kullum ana idar da sallar asuba sai ya nufi maƙabarta, ya zauna gefen kabarin innarmu, ya fuskanci gabas har gari ya waye. Na same shi can na ɗaga masa murya. "Mutane na kwashe gari, kai kana nan kana ƙirga taurari!"

Ya ce, "Ƙasa za su rufe. Sama ba za su iya ba. Daga can nake riƙe wurin."

Ban gane ba sai da ruwa ya cika, gari ya nutse har rimin kasuwa. Damina ta zagayo, ya tashe ni wata asuba, muka shiga kwalekwalen wani masunci. Yana gaba yana ba da umarni. "Ja dama. Ƙara kaɗan. Koma baya. Tsaya." Ya nuna gabas. Ga taurarin nan da ake kira Kaza da 'Ya'yanta suna leƙowa ta tsakanin duwatsu biyu, daidai tsagar, ga kuma wani dutse mai farin goshi daidai kafaɗarsa ta dama. Ya ce, "Daga kabarin Inna haka suke tsayawa. Tana nan ƙarƙashinmu." Ya ɗaga hannu.

Ni da ilimina na ce, "Yaya, ruwa fa duk ɗaya ne."

Ya ce, "Addu'a tana isa daga ko'ina, yi taka daga gado in ka so. Ni dai ina son in san inda na tsaya."

Ko ya dace da wurin ko ya kauce, Allah ne masani, ban nutsa na duba ba. Abin da na sani shi ne tun daga wannan shekara, duk farkon damina, sai ka ga tsofaffi sun taru a bakin ruwa tun duhu bai gama yayewa ba, mai uwa a ƙasa, mai miji, mai 'ya'yan da ƙyanda ta kwashe. Ya kai su, ya tsayar da jirgi, ya ce, "Ga maƙabartar nan," ya juya musu baya su yi kukansu ba mai kallo. Ko goro ba ya karɓa. Wannan shi ne mutumin da mai albasa ya ce sai an dage masa da addu'a.

To, na shirya yaƙi. Na duba makamaina, na ga ba ni da dukiyar Alhaji, ba ni da karatun liman, amma ina da Turanci, ko da rabi ne. Na ce da kalmar Bature na taɓa jifan yayana, da kalmar Bature zan wanke shi. Na kira 'yata ta fari a waya, wadda har yau ba na kama sunanta, malamar Turanci ce a wata sakandare a Bebeji. Na ce, "Ke, tattaro min duk sunan da Turawa suke kiran mai kallon sama da mai mafarkin ido biyu, da inda kowane ya samo asali."

Ta ce, "Baba, me za ka yi da su?"

Na ce, "Aiki."

Ta yi ta karanto min ina maimaitawa har suka zauna. Da ta zo na ƙarshe ta ba ni labarinsa, sai ta ce, "Baba, don Allah wannan ɗin ka bar shi a gida." Na ce to. Amma shi ne ya fi yi min daɗi.

Ranar addu'ar bakwai ƙofar gida ta cika, Alhaji ya zo da babbar riga mai aiki, saura kwana biyu suna. Ana shafa fatiha na miƙe tsaye, abin da ba a yi a wurin makoki. Na gyara biro. Na yi gyaran murya.

Na ce, "Jama'a, an yi wata magana a nan kwanaki, ta harka da taurari. Su Turawa da suka ƙera jirgin sama sun raba abin nan gida biyu. Akwai asturoloja, akwai asturonoma. Farkon kalmar duk ɗaya ne, tauraro ke nan a harshen mutanen Girka. Na farko an liƙa masa magana a gindi, shi ne mai cewa taurari sun gaya masa za ka yi aure ko za ka yi asara. Ɗan duba ke nan. Na biyu an liƙa masa doka, wato mai bin tsarin da aka ɗora su a kai, ina suke fitowa, ina suke faɗuwa. Yayana na biyun ne."

Liman ya gyaɗa kai. Na ji ƙafata ta kama ƙasa.

Alhaji ya ce, "Ikon Allah. To shi marigayin a wace jami'a ya yi nasa?"

Aka ɗan yi dariya. Na ce ba komai, akwai saura. Na jefa sitageza, mai ƙura wa taurari ido. Don in nuna zurfin bincike na ƙara da cewa har doki mai yawan ɗaga kai haka suke kiransa, da wani kifin teku mai idanu a tsakar ka. Kuskure ke nan. Masunta da suke shiru tun safe suka farka.

"Baba, a tsakar ka? To ta ina yake ganin ƙugiya?"

"Ana cin sa?"

"Ya kai ragon ruwa girma?"

Da ƙyar na ƙwato zancen daga hannunsu. Na jefa wulgadara, mai tafiya hankalinsa na wani wuri, asalinsa matalautan da suke bin ƙaya suna tsintar gashin da tumaki suka bari a jiki. Alhaji ya tafa hannu. "To ka gani! Su ma sun san aikin banza ne. Mutum ya bar tunkiya ya bi gashi."

Na ga ana ture ni zuwa bango. Sai na zaro wanda aka ce in bari a gida.

Na ce, "Akwai munreka, wato mai sharar wata da manjagara. A wani ƙauye na Ingila, ma'aikatan sarki suka iske mutane a bakin tafki suna ta jan ruwa da manjagara. Suka ce me kuke yi? Mutanen suka nuna hoton wata a kan ruwa suka ce wancan farin abin muke so mu jawo. Ma'aikata suka yi dariya har da riƙe ciki, suka ce wawayen ƙauye, suka wuce. Ashe mutanen nan sun san abin da suke yi. Akwai abinsu a ƙarƙashin ruwan, wanda masu dariya ba su san da shi ba."

Na ga tsofaffin tsohon gari sun sunkuyar da kai, wani yana share ido da hannun riga. Ruwa, da wata, da abin da yake ƙasa. Ba wanda ya buƙaci fassara. Alhaji kansa ya rasa inda zai sa ido. Na ci yaƙi, jama'a. Da na zauna a lokacin, da yanzu wani labarin nake rubutawa.

Sai liman, bawan Allah mai son ilimi, ya ce, "To me suka ɓoye a ruwan?"

Da na ce gishiri, wa zai kama ni? Da na ce kaya kawai. Bakina har ya buɗe. Sai na tuna a kan tabarmar wa nake tsaye, mutumin da ya sa unguwa guda ta ƙara azumi don ba zai ce ya ga abin da bai gani ba.

Na ce, "Giya ce, Allah gafarta malam. Ganga-ganga. 'Yan fasa-ƙwauri ne."

Ban taɓa jin an yi dariya irin wannan a gidan mutuwa ba. Liman ya rufe baki da rawani, kafaɗunsa na rawa. Alhaji ya cire hula yana fifita da ita. "Innalillahi! Ni dai taurari na ce. Giya kuma ɗan'uwansa ne ya kawo ta."

A nan Turanci ya ƙare min, sai Hausa ta zo. Na ce, "Ku yi dariya, ni na jawo. Amma duk wanda yake da uwa ko uba a ƙarƙashin ruwan can, kuma bai taɓa shiga jirgi bayan yayana ba, ya ɗaga hannu in gan shi. Kun kwashe ƙofofi, kun kwashe azara, gara ta cinye su tuntuni. Shi abin da ya ɗauko har yau yana nan, kuma ku kuke zuwa aro. Gonarsa ta yi ciyawa, na yarda. Ku da taku ba ta yi ba, wa ya san inda uwarsa take kwance in ba shi ya nuna masa ba? Sunansa kuwa ba abin kunya ba ne da za a rufe a rami. In an hana jikansa, ni zan sayi ɗan rago in sa wa ragon sunan, in riƙa kiransa a kasuwar Kiru."

Ba wanda ya ɗaga hannu. Alhaji ya mayar da hularsa, ya tafi ba sallama. Ɗan yayana kuwa yana can gefe, kai a ƙasa, shi da tsinkensa.

Ranar suna muka yi sammako zuwa Kiru, mota ta sauke mu a bakin titi, acaɓa ya ƙarasa da mu. Aka raba goro da dabino. Limamin unguwarsu ya miƙa kunne, abokin uban jariri ya raɗa masa, shi kuma ya raɗa wa maroƙi. Maroƙi ya cika ƙirji ya kwarara sunan yayana, har ya maimaita don na bayan layi.

Na rufe ido. Allah ya jiƙan wanda ya bar sunan, ya haskaka masa inda yake kwance fiye da abin da ya saba kallo, ya raya wanda ya ɗauka.

Alhaji ya daure, na ba shi wannan. Ya zo ya miƙo min hannu ya ce, "Allah ya raya. Amma ka sani, awon albasa zan koya masa."

Na ce, "Koya masa, Alhaji. Wuyan dai nasa ne."

Na dawo Tiga ina jin kaina kamar wanda ya ci gari da yaƙi. Ban ko biya gidana ba, na wuce wurin matar yayana, don tana takaba ba ta je ba. Tsakanina da ita wasa ne tun tana amarya. Ni ina ce mata Uwargida, ita tana ce min Bature. Na same ta a gindin darbejiyar nan tana jan carbi.

Na ce, "Uwargida, a dama min fura mai kyau. Na ƙwato miki sunan mijinki daga Kiru."

Ta ce, "Kai ka ƙwato?"

"Da Turancin da kike rainawa. Ba ki ji yadda na tsaya ranar bakwai ba?"

"Na ji. Har nan aka kawo min, da giyar da komai." Ta ajiye carbin a cinya. "Bature, ranar da aka zo da albishir, kafin yaron nan ya hau babur na kira shi ɗaki. Na ce in ka isa Kiru kada ka zauna, kada ka sha ruwansu, sai ka karɓi jaririn ka yi masa huɗuba da sunan ubanka a kunne. Ya yi, ya dawo ya gaya min kafin la'asar. Sunan da ya riga ya shiga kunne, wane Alhaji ne zai zaro shi? Tun kana neman lambar 'yarka a waya an gama."

Na ce, "To me ya hana shi gaya min? Na tsare shi na tambaye shi!"

"Ɗan fari ne fa. Ka taɓa ganin mai kunya ya zauna da baffansa yana hirar ɗansa na fari? Kai da aka haifi taka, ba Doguwa ka gudu ba sai da aka yi suna?"

Na gyara biro. Na ce, "Duk da haka dai, ai gara da na tsaya na nuna wa jama'a ko shi wane ne. Yanzu kowa ya san asturonoma ne, ba..."

Ta ɗaga min hannu.

"Ni tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa kama sunansa da bakina ba, kuma ban taɓa ɓatan ko shi wane ne ba. Kai da kuka sha nono ɗaya, sai da ya mutu ka tafi Ingila aron abin da za ka kira shi?"